Zullumin da Ba Ya Hutu

Akwai wata lalura da ta yawaita a cikin jama'a, wadda mai ita yakan shekara yana jigila tsakanin kemis da ɗakin gwajin jini da zauren malam, yau a ce masa taifot ne, gobe a ce olsa, jibi a ce sammu, alhali kuwa abin da ke cinsa zullumi ne wanda ba ya ɗaga masa ƙafa dare da rana. In ka tambaye shi abin da ke damunsa, da wuya ya ambaci tsoro. Cewa zai yi gabansa na yawan faɗuwa, ƙeyarsa da kafaɗunsa sun ɗaure, kuma da zarar ya sa haƙarƙarinsa a shimfiɗa sai tunani ya taso masa har kiran assalatu.

Babu mahaluƙin da ba ya damuwa, kuma magidancin da wa'adin kuɗin haya ya gabato masa aljihu babu kome, in bai damu ba ai shi ne abin tuhuma. Amma irin wannan damuwa tana da sababi, in sababin ya kau sai ta kau. Wadda muke magana a kanta ba haka take ba. Dubi matar da maigidanta ya yi jinkirin dawowa daga kasuwa: kafin a idar da sallar isha'i ta riga ta ga hatsarin mota a zuci, ta ga an shigo da gawa, ta shiga takaba, har ta fara lissafin wanda zai riƙe marayu, sai ga maigidan ya yi sallama da ledar burodi a hannu, ta yi hamdala, amma tun ba a naɗe tabarmar cin abinci ba tarin da autanta ya yi ya buɗe mata wani sabon babi. Likitoci sun ce idan irin wannan hali ya mamaye galibin kwanakin mutum har tsawon wata 6, ya kasa tsai da shi, ga gajiya da saurin fushi da rashin barci da kasa tara hankali wuri guda, to ya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri-iri, mata sun fi maza yawa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

Bugun zuciyar da mai wannan lalura ke ji ba ƙarya yake yi ba. Allah cikin hikimarsa ya halicci wasu 'yan tsokoki a kan ƙoda, waɗanda ke zuba sinadarin adrenalin cikin jini idan mutum ya hangi hatsari, domin zuciya ta ƙara gudu, gaɓoɓi su ɗaure, ya samu ƙarfin tsere wa abin da ya taso masa. Illa dai jiki ba ya bambance hatsarin da ido ya gani da wanda zuciya ta raya, saboda haka mai zullumi yakan wuni cikin shirin gudu alhali yana zaune a shagonsa.

Abin takaici, da yawa daga cikinmu kan yi wa irin wannan bawan Allah hukunci da cewa tawakkalinsa ne ya yi rauni, sai mu ƙara masa damuwa ta biyu a kan ta farko, wato tsoron ko imaninsa ya samu naƙasu. Magabata ba haka suka fahimci al'amarin ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya jera tsoro da baƙin ciki da fushi da waswasi a matsayin cututtukan rai da ake yi wa magani kamar na jiki, ya kuma shawarci mutum ya tanadi tunani nagari a lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba zato. Addu'a da zikiri suna da matsayinsu babba, amma riƙo da sababi bai taɓa warware tawakkali ba.

Daga cikin sabuban nan, wanda na fi ganin fa'idarsa shi ne mutum ya ware wa damuwarsa lokaci, misali minti 20 bayan la'asar, ya zauna da takarda da alƙalami ya rubuta duk abin da ke ransa, sa'an nan ya tambayi kansa game da kowane ɗaya: shin akwai abin da hannuna zai iya yi a kai? In akwai, kamar bashin da ake binsa, sai ya rubuta wa zai gani da kuma yaushe. In babu, kamar ajali, sai ya bar shi a takardar. Idan tunanin ya faɗo masa da hantsi ko tsakar dare, ya ce masa ya jira la'asar. Da fari abin yakan yi kama da wasan yara, amma da yawa daga abin da aka jinkirta, kafin lokacinsa ya zo ya riga ya huce. Idan kuwa gaba ya faɗi, a shaƙi iska ta hanci a ƙirga huɗu, a sake ta sannu a ƙirga shida, domin tsawaita fitar numfashi na rage gudun zuciya. Tafiyar ƙasa kowace rana tana taimakawa ƙwarai. Goro da shayi mai kauri da kofi kuwa duk suna ɗauke da kafeyin, wanda ke ƙara bugun zuciya ya kori barci, kuma wanda ke tauna goro bayan magariba ba shi da hujjar yin ƙorafi a kan dare.

Wajibi ne a yi gargaɗi game da ƙwayar barci irin su diazepam da ake karɓa a kemis ba da takardar likita ba, domin takan kwantar da hankali na ɗan lokaci, daga baya jiki ya saba har ya kasa rabuwa da ita, kuma yanke ta farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Likita shi ne zai fara bincika ko akwai wata cuta a ƙarƙashi, tun da halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, idan aikinta ya wuce kima takan kawo alamomi irin waɗannan. Bayan haka yana iya rubuta magani wanda sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, ko ya tura mutum wurin masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya masa auna tunaninsa da hujja, bisa hanyar da likita Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashensu. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce.

Su kuma iyalin mace mai wannan lalura, su sani cewa faɗin "ki cire abin a ranki" bai taɓa cire kome ba, haka nan amsa waya sau goma a wuni don a tabbatar mata lafiya lau ake, sauƙin minti kaɗan yake bayarwa, sa'an nan ya ƙara wa zullumin ƙarfi. Abin da ya fi shi ne a saurare ta ba da izgili ba, a yarda da lokaci guda na kira, a kuma raka ta asibiti. Amma idan mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ciwon ƙirji mai tsanani ya kama shi tare da sarƙewar numfashi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a wannan sa'ar.