Tsutsar Saiwa da Fumfunar Masara: Magani Daga Gwangwani da Magani Daga Ƙasa

Duk wanda ya bar Kano ya bi ta Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa zai ga noma iri biyu. Da damina masara ce ke rufe gonaki har zuwa bakin dajin Falgore, domin yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Da rani kuwa aiki yakan koma fadamu da bakin ruwa, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, wadda ruwanta ke shayar da gonakin tumatir na Kadawa da Kura. Kowane ɗaya daga cikin noman nan biyu yana da abokin gaba wanda ido ba ya gani: tumatir yana fama da wata tsutsa a saiwarsa, masara kuma da wata fumfuna a cikin ƙwayarta.

Tsutsar da ke ƙulla saiwa

Manomin rani yakan ga tumatirinsa ya yi yaushi da tsakar rana alhali fangalin a jiƙe yake. Sai ya ƙara ruwa, ya ƙara takin zamani, amma shukar ba ta miƙe ba. Da zai tumɓuke gindi ɗaya ya wanke saiwar, zai tarar duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Wannan aikin wata tsutsa ce daga dangin da masana ke kira nematodi, sunanta na kimiyya Meloidogyne. 'Yar tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta kai rabin milimita ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Takan huda saiwa ta shige, ta kafe wuri guda, ta tsarta wani miyau da ke sa ƙwayoyin halittar saiwar su kumbura su zama mata rumbun abinci. Hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye sai su murɗe, shi ya sa shuka take jin ƙishirwa tana cikin ruwa. Mace ɗaya takan saka ƙwai ɗaruruwa, kuma a ƙasa mai ɗumi cikin kimanin wata ɗaya 'ya'yan sun isa su saka nasu.

A nan ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu. Ƙullin da ake gani a saiwar wake da gyaɗa na alheri ne, gidan wasu bakteriya ne masu samar wa shuka taki daga iska, kuma da an murza shi da yatsa yakan ɓalle. Ƙullin tsutsa kuwa kumburin saiwar ne da kanta, ba ya cira.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Saiwar da tsutsa ta raunana ta fi saurin kamuwa da fumfunar Fusarium, wadda ke toshe jijiyoyin ruwa ta kashe shukar ɗungurungum. Bugu da ƙari tsutsar tana cin kuɓewa da gauta da tattasai, saboda haka wanda ya cire tumatir ya sa kuɓewa bai hutar da gonarsa ba.

Maganin gwangwani

Tarihin magungunan kashe wannan tsutsa ba mai daɗin ji ba ne. Akwai wani mai suna DBCP da ya yi tashe, har sai da aka gano a 1977 cewa ya hana ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya haihuwa, Amurka ta hana amfani da shi a yawancin amfanin gona a 1979. Methyl bromide, wanda ake turara ƙasa da shi, an janye shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal saboda yana cinye rufin ozon na sararin sama. Wanda manomanmu suka fi sani shi ne Furadan, wato carbofuran. Yana aiki, babu musu. Amma guba ce mai kama jijiyoyin mutum da na tsuntsu kamar yadda take kama na tsutsa, ga ta da narkewa cikin ruwa, abin da ya kamata ya tsorata duk mai noma a bakin ruwan da jama'a da dabbobi ke sha. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi, kuma a 2017 aka sa shi cikin jerin magunguna masu haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam. Ko a inda aka zuba shi, ba ya ƙarar da tsutsar. Waɗanda suka tsira sukan sake cika gonar kafin kaka.

Maganin fumfuna da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin su Apron Star, lissafinsa daban ne. Ɗan kaɗan ake sawa, a jikin ƙwayar yake zama, kuma yana kare tsiro a makonnin farko da ya fi rauni. Sai dai irin da aka cuɗa ba na ci ba ne, ba na kaji ba ne.

Maganin da ke cikin ƙasa

Ƙasa mai rai tana da mafarautanta. Fumfunar Purpureocillium lilacinum takan shiga ƙwan tsutsar ta cinye shi. Wata mai suna Arthrobotrys tarko take ɗanawa da zarurrukanta ta kama tsutsar da rai. Akwai kuma bakteriyar Pasteuria penetrans da ke manne wa tsutsa ta hana ta saka ƙwai. Waɗannan halittu sun fi yawaita a ƙasar da ke samun takin gargajiya da ya ruɓe sosai, wato tsohuwar al'adar kai taki gona tana da wani amfani bayan ciyar da shuka. Tunkuzar 'ya'yan darbejiya, in an cuɗa ta da ƙasa makonni kafin dashe, gwaje-gwaje da dama sun nuna tana rage ƙullin saiwa. Ba ta da saurin guba, kuma rage tsutsar take yi, ba shafe ta ba.

Irin tumatir mai harafin N a jikin gwangwaninsa, kamar Roma VFN, yana ɗauke da gadon juriya da aka samo daga wani tumatir na daji na Kudancin Amurka. Amma juriyar takan karye idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, zafin da ƙasar Kano ke wucewa da bazara. Wanda ya yi dashe cikin sanyin hunturu shi ke cin moriyarsa. Wajen reno kuwa shi ne mafi muhimmanci, domin sau da yawa a saiwar dashe ake ɗaukar tsutsar a kai ta gona mai lafiya.

Fumfuna maganin fumfuna

Ga manomin masara na Doguwa, babban misalin yaƙi da halitta ta hanyar halitta yana cikin labarin Aspergillus flavus. Wannan fumfuna mai launin kore-kore tana zaune a ƙasa, takan hau masara da gyaɗa tun suna gona, musamman in an yi fari a ƙarshen damina ko tsutsa ta huda goyon. Tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An fara gano gubar bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa yana fuskantar ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yakan ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta na hefataitis B. Tuƙa tuwo ko suyar ƙuli-ƙuli ba ya kashe gubar, kuma ƙwayar da ke da ita takan yi kyau a ido.

Abin mamaki shi ne, ba duk 'ya'yan wannan fumfuna ne ke yin guba ba. Masana a cibiyar IITA ta Ibadan, tare da takwarorinsu na Amurka da Jamus, sun tace nau'o'i huɗu marasa guba daga ƙasar Nijeriya, suka ɗora su a kan gasasshiyar dawa wadda ba za ta tsiro ba, suka rina ta shuɗi. Shi ne Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da damshi. Fumfunar marar guba sai ta tsiro a kan dawar, iska da ƙwari su yaɗa ta, ta riga mai gubar kama wuri a jikin masarar. Gwajin da aka yi a gonakin manoma ya nuna gubar na raguwa da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Matsalar Aflasafe ba ta kimiyya ba ce, ta kasuwa ce. Ba ya ƙara yawan buhu, kuma mai awo a kasuwar ƙauye ba shi da na'urar da zai bambance masara mai guba da marar guba, balle ya ƙara kuɗi. Masu haɗa abincin kaji da kamfanonin abinci ne suke gwadawa, su ne kuma ke iya biya. Haka nan watsa shi bai ɗauke wa manomi aikin kaka ba: a cire masara da zarar ta ƙosa, a shanya ta a kan tamfol ko daɓe maimakon tsurar ƙasa, a tsince waɗanda ƙwaro ya huda, kuma kada a ɗure ta a buhu ko rumbu sai ƙwayar ta bushe har tana ƙara in an ciza.