GAHAWA: KO ZA TA YI A ƘASAR BIRNIN GWARI?

'Yan'uwa manoma, tun da labarin tsadar gahawa ya bazu a rediyo, tambaya ɗaya ce ke ta komowa a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai. Ana cewa, tun da Allah ya ba mu daji da inuwa da ƙoramu, me zai hana mu dasa wannan itace mu ma mu sami rabo? Tambayar tana da tushe. A watan Fabrairu na 1925 ba wanda zai yi mafarkin haka, amma a Fabrairu na 2025 laba ɗaya ta gahawa, watau abin da bai kai rabin kilo ba, ta haura dala 4 a kasuwar Niyok, farashin da ba a taɓa gani ba. To, kafin wata ƙungiya ta taɓa kuɗin asusunta, ya kamata mu san itacen, mu san inda ya fito, mu kuma san abin da yake bukata.

Asalin gahawa daga dazuzzukan tuddan kudu maso yammacin Habasha ne, wajen ƙasar Kafa, inda har yau take fitowa da kanta a ƙarƙashin manyan itatuwa. Akwai labarin wani makiyayi da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yanta, amma wannan tatsuniya ce. Abin da aka tabbatar shi ne a ƙarni na 15 Sufaye a ƙasar Yaman suna dafa ta su sha domin kada barci ya ɗauke su wajen ibadar dare. Daga can ta shiga Makka da Alƙahira. A 1511 hakimin Makka ya hana shanta, amma hanin bai daɗe ba. Wajen 1555 aka buɗe gidajen shan gahawa a Istanbul, a 1652 kuma aka buɗe na farko a Landan. Ta isa Barazil a 1727, yau kuwa Barazil ce ke noma wajen kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, Biyetnam na bi mata. A Afirka Habasha ce kan gaba, sai Yuganda.

Sunan da muke kiranta da shi daga Larabci muka samo. Alhazai da fatake da Larabawan Kano su ne suka san ta tun da. Hausawan da suka zauna a Sudan, irin na Mai Wurno, sun koyi shanta irin na can: a soya ƙwayar a kan garwashi, a daka a ɗan turmi, a dafa da citta a tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a zuba a ƙananan finjalai. A Habasha kuwa ba a shanta a tsaye. Uwargida takan soya ta a gaban baƙi, a sha zagaye uku, na ukun shi ake kira na albarka. Wajen rabin abin da Habasha ke nomawa a gida ake shanye shi. Mu a nan goro ne ya riƙe wannan matsayi, gahawar da yawancinmu muka sani kuwa ita ce garin Nescafé na teburin mai shayi.

Ekklesiya tana da hannu a tarihin wannan itace. Masu mishan na Katolika ne suka kai shi Bagamoyo a ƙasar Tanzaniya ta yau, daga baya suka dasa shi a Kilema, a gindin dutsen Kilimanjaro, kafin 1900. Mutanen Caga suka karɓa, suka dasa a ƙarƙashin ayabarsu. Da Turawa masu manyan gonaki suka nemi hana su, sai suka haɗa kai a 1925, a 1933 kuma ƙungiyarsu ta zama babbar ƙungiyar gama kai ta Kilimanjaro, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Afirka. Da kuɗin gahawa suka ilimantar da 'ya'yansu. Wannan labari yana da daɗin ji ga ƙungiyoyi irin namu. Amma fa a lura, a kan dutse mai sanyi da ruwa aka yi shi.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko shi ne arabika, mai ƙanshi da tsada. Yana son sanyi, tsakanin digiri 18 zuwa 22, da tudu mai tsawon mita 1,000 zuwa 2,000, da ruwan sama wajen milimita 1,500 ko fiye a shekara. Shi ya sa a Nijeriya sai a tsaunin Mambila wajen Gembu, mai tsawon mita 1,500 da wani abu, da wasu sassa na tsaunin Jos ake samunsa. Na biyu shi ne robusta, mai ɗaci da ƙarfi, wanda aka fi yin garin gwangwani da shi. Shi yana jure zafi, amma yana son ruwa wajen milimita 2,000 da iska mai laima, ba ya kuma son rani ya wuce wata biyu ko uku. Wurinsa kudu ne, ƙasar koko.

Yanzu mu auna ƙasarmu da wannan ma'auni. Birnin Gwari ba ta kai ko kusa da mita 1,000 ba. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 1,200 da kaɗan ba, dukansa kuma tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sai hunturu da bazara, iska ta bushe ƙayau, a Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 35. Ga arabika mun yi zafi, ga robusta mun yi bushewa. Dajin da muke taƙama da shi ma ba irin na Kafa ba ne. Namu dajin doka ne da maje da kirya da kaɗanya, masu kakkaɓe ganye da rani, watau daidai lokacin da gahawa ta fi bukatar inuwa, ga gobarar daji kowace shekara. Gahawa kuwa ba ta zubar da ganye ta huta kamar itatuwanmu. Kullum tana shan ruwa, saiwoyinta masu ci kuma a sama-sama suke.

Wani zai ce ai sai a yi ban ruwa. To, mu yi lissafi. In aka dasa robusta da tazarar mita 3 kowane gefe, kadada ɗaya za ta ɗauki itace wajen 1,100. A ce kowane itace jarka ɗaya kawai mai lita 20 za a ba shi a mako, wanda ma bai isa ba da bazara. Lita 22,000 ke nan, watau durom 110, kowane mako, har mako ashirin ko fiye. Wannan ruwa da wannan man inji, in aka zuba su a fadama a kan tumatir da albasa da masarar rani, cikin wata uku ko huɗu kuɗi sun dawo. Gahawa kuwa sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta ba da 'ya'yan fari.

Aikinta ma ba ƙarami ba ne. Irin ba ya ajiyuwa, in ya yi 'yan watanni ya mutu. Yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya tsiro, sa'an nan a yi renonsa a rumfa wata shida zuwa shekara. In itacen ya girma yakan yi farin fure bayan ruwan fari, 'ya'yan arabika su nuna cikin wata bakwai zuwa tara, na robusta har wata goma sha ɗaya. Ba sa nuna gaba ɗaya. Sai a bi itace da hannu ana tsinko jajaye kaɗai, a bar ɗanyu, a komo bayan mako ɗaya ko biyu. Daga nan ko dai a shanya su da ɓawonsu mako uku zuwa huɗu ana juyawa, ko kuwa a murje ɓawon ran da aka tsinko, a bar ƙwayar ta kwana ɗaya ko biyu yauƙinta ya saki, a wanke, a shanya a kan gado, ba a ƙasa ba. Kilo biyar ko shida na jajayen 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Wanda ya ji farashin Niyok ya riƙa tunawa da wannan, ya kuma tuna da cewa tsakanin gonarsa da Niyok akwai dillali da mota da jirgin ruwa, kowa da nasa kason.

Farashin kuma ba shi da amana. A Yuli 1975 sanyi mai ƙuna ya kashe gonakin Barazil, gahawa ta yi tsada, ƙasashe da yawa suka ruga dasawa. A 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade abin da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi. A 2001 laba ɗaya ta koma ƙasa da rabin dala, manoma a ƙasashe da dama suka bar gonakinsu. A nan gida, Hukumar Koko da aka kafa a 1977 ita ke sayen gahawa, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 sai manoman Mambila suka rasa tsayayyen mai saye, da yawa suka sare itatuwan suka koma masara. Ga kuma cuta. Tsatsar ganye da ta ɓulla a tsibirin Silon a 1869 ta gama da gahawar ƙasar, dalilin da ya sa suka koma ganyen shayi ke nan. Mu a Jihar Kaduna ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da cuta ta yi wa cittar Kaciya a 2023.

Akwai wata magana da ba ma jin daɗin faɗa, amma dole ce. Shekaru da yawa 'yan bindiga sun hana mutanen ƙasar nan zuwa gonakinsu na nesa, ƙauyuka sun tashi, majami'u da masallatai sun zama kufai. A Nuwamba 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mun gode wa Ubangiji. Amma masara in mutum ya rasa ta bana, baɗi ya sake shukawa. Gonar gahawa in aka bar ta rani ɗaya ba ruwa, wahalar shekara huɗu ta tafi. Bai kamata ƙungiya ta ɗauki kuɗin gwauraye da na masu ƙaramin ƙarfi ta binne a irin wannan wuri ba. Shawararmu ke nan, kada a ci bashi domin gahawa, kada kuma a sayi dashe daga hannun wanda ba zai iya faɗin irin da yake sayarwa ba, balle ya nuna wanda zai sayi amfanin.

Ba mu ce kada kowa ya gwada ba. Akwai iri na uku da ake kira ekselsa, wanda wani masani Bafaranshe ya fara bayyanawa a 1903 daga yankin kogin Shari. Itace ne babba mai zurfin saiwa, ya fi sauran jure rani, ana kuma nomansa a Yuganda da Sudan ta Kudu. Ƙungiyar da ke da kurmi kusa da gari, inda ƙasa ba ta bushewa, tana iya dasa goma ko ashirin domin gwaji, da kuɗin da in sun ɓata ba wanda zai yi kuka. A nemi shawarar malamin gona tukuna. Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita ce gwamnati ta ɗora wa binciken gahawa da goro da kashu, tana kuma da reshe a Kusuku a kan Mambila. A rubuta ranar dashe da yawan ruwan da aka ba su da waɗanda suka mutu, a aiko mana, mu buga domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin Habasha shi ne yadda gahawa ta tsare musu daji. Manomin Kafa ba ya sare babban itace, domin a inuwarsa kuɗinsa yake. A 2010 aka sa dajin Kafa cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. Mu ma muna da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999. A wajensa kuwa, a gonakinmu da saurukanmu, muna da itatuwan da ke biyan mai su ba tare da ban ruwa ba: kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, ga amya a kan rassansu. Abin baƙin ciki, su ne ake kayarwa a yi gawayi. Buhun gawayi sau ɗaya ake sayar da shi, alhali matan ƙungiya suna tsintar kaɗe a gindin itace guda tun daga kaka har jika. Kamfanonin waje suna neman man kaɗe domin cakulan da man shafawa. Aikin da mutanen Kilimanjaro suka yi wa gahawa, watau tarawa wuri ɗaya, da tsabtacewa, da rarraba mai kyau da maras kyau, da sayarwa da baki ɗaya, shi ne aikin da kaɗe da kalwa da zuma ke jira a wurinmu. Mai son dasa itacen kuɗi kuma, ga kashu da mangwaro mai aure, dukansu sun san raninmu.

Saura gargaɗi ɗaya. Wasu sun ji cewa ana soya 'ya'yan tafasa da na rai-ɗore a sha a madadin gahawa, haka ne kuwa. A ƙasar Koriya ma ana shan ruwan soyayyun 'ya'yan tafasa kamar shayi. Ba su da sinadarin nan mai hana barci, ƙanshin suya ne kawai ya yi kama. Amma ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore guba ne. Suna kashe kaji da awaki in sun gauraya da hatsi, a arewacin Indiya kuma likitoci sun tabbatar da cewa yara da yawa sun mutu bayan sun ci su ɗanye. A cire rai-ɗore daga bakin masussuka da filin makaranta da harabar majami'a kafin ya yi 'ya'ya, a kuma hana yara wasa da kwansonsa.