Daga Tafkin Madarunfa Zuwa Bakin Teku: Abubuwan Mamaki Game da Ƙugiya da Zare

Tsakanin Madarunfa da teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 700, amma ruwan da ke wucewa ta gefen garin yana isa can. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Jibiya, ya ba tafkin Madarunfa rabonsa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya juya ya koma Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Daga nan sai Sakkwato, sai Argungu, sai Kwara, sai tekun Atlantika. Sau biyu yake ƙetare iyaka, kuma duk wannan tafiya a ƴan watannin damina yake yin ta. Da rani rairayi ne zalla, amalanke ke bi ta cikinsa.

Shi kansa tafkin bai wuce kilomita 25 daga birnin Maraɗi ba, ta kudu. Idan ya cika yakan kai kimanin hekta 800, in bazara ta yi sai ya ja da baya ya bar laka da fadama ga masu lambu. Mutanen yankin sun gaji labarin cewa kaburburan waliyyai 99 ne suka kewaye shi, kuma har yau ana zuwa ziyara. A 2006 Nijar ta shigar da tafkin da dajin da ke kusa da shi da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 kuma aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

To, can bakin teku akwai wata sana'a da za ta ba masuncin Madarunfa mamaki. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya ɗauki hayar ƙaramin jirgi da mai jagora na yini guda, a kai shi inda ruwa bai da zurfi, bakin kogi ko tsakanin tsibirai, ya yi fatsa da sanda marar nauyi da zare siriri. Da gangan yake zaɓen siririn zaren. A wurinsu gwaninta ita ce ka fito da babban kifi da zaren da kifin zai iya tsinkewa da fizga ɗaya. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, tana ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama bisa ƙarfin zare, tun daga zaren da ke tsinkewa a nauyin kilo 1 har zuwa na kilo 60.

Yaya zaren da bai iya ɗaga kilo 6 zai jawo kifi mai kilo 40? Dalili biyu ne. Na farko, kifi a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi, jakar iskar da ke cikinsa ce ke ɗauke da shi. Na biyu, ƙaramin injin naɗe zaren da ke jikin sandar yana da birki: in kifi ya fizga da ƙarfi, sai zaren ya warware maimakon ya tsinke. Kifi ya gudu, a bar shi. Ya tsaya, a naɗe. Haka za a yi ta yi, wani lokaci sa'a biyu ko uku, har gajiya ta kawo shi gefen jirgi. Duk yaron da ya taɓa jin babbar tarwaɗa ta ɗauki ƙugiyarsa a bakin tafki ya san wannan ilimi ba tare da an karanta masa ba, sai dai shi yatsunsa ne birkin.

Babban kifin wannan wasa sunansa tarfon, fari fat kamar azurfa, mai tsalle sama da tsayin mutum idan ya ji ƙugiya. Mafi girman da IGFA ta rubuta an kama shi ne a nan Afirka ta Yamma, a tsibirin Rubane na Gini Bisau, cikin watan Maris na 2003. Nauyinsa kusan kilo 130, wanda ya kama shi kuwa Max Domecq. A jihar Fulorida ta Amurka doka ta ce a sake shi bayan an kama, babban ma kada a fitar da shi daga ruwa. Mutum ya sha rana da gumi, ya ɗauki hoto, ya zare ƙugiya, ya koma gida ba kifi. Mai iyalin da ke jiran na cefane ba zai iya wannan ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma lissafin da ke ƙarƙashin dokar ya cancanci a duba shi: kifi ɗaya mai rai yana kawo wa mai jirgi baƙi shekara da shekaru.

Dokokin IGFA da tsanani. In wani ya taɓa sandarka ko zarenka kuna tsakiyar kokawa da kifi, an soke kamun. In ka soki kifi da ƙugiya a jiki da gangan, ba a baki ba, an soke. Da wannan ma'auni mamari ba zai shiga gasa ba, domin shi doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da kusa, babu koto ko ɗaya. Kifi ne ke zuwa wucewa ya goga jikinsa, ƙugiya ta kama shi, ya motsa wata ta ƙara. Kifi marar ɓawo irin su tarwaɗa ya fi faɗawa.

In ana maganar kaya marasa nauyi kuwa, ban ga wanda ya kai masuncin ƙasar Hausa ba. Jirginsa a gona ake shuka shi. Babbar gora ce ta duma, ya kifa ƙirji a kanta, ya tuƙa da hannu da ƙafa, bakin gorar yana sama, kifin da ya cire daga kalli ya jefa ciki. Abu ɗaya ya zama abin hawa, ya zama ma'ajiya, ya zama abin ceton rai. Ba mai, ba ƙara, ba hayaƙi. Masu jagora a Fulorida sukan kashe inji idan sun shiga ruwa marar zurfi, su hau wani dandamali a bayan jirgi suna turawa da doguwar sanda, don kada motsi ya kori kifi. Shirun da suke nema da tsada, mai gora da shi yake fita daga gida. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa, kuma gaskiya ne har a ilimin halittu: kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi tun kafin ido ya gani.

Zaren roba da kowa ke saye a kasuwa yau baƙo ne. A 1935 aka ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka. Kafin ya iso nan, masunta da rama suke tufka igiya, da kuma zaren yawa, wani irin wake da ake nomawa don zarensa. Na dā yana ruɓewa, shi ya sa ake yawan gyara. Na yanzu ba ya ruɓewa, kuma nan matsalar take: kallin da ya ɓace a ƙarƙashin ruwa zai ci gaba da kama kifi yana kashewa, ba mai ci.

Su kansu kifayen ruwanmu, kowanne da nasa abin al'ajabi.

Gaiwa huhu gare ta. In aka hana ta leƙowa ta shaƙi iska, nutsewa za ta yi ta mutu a cikin ruwan da take zaune. Idan tabki ya ƙafe sai ta haƙa rami cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi wanda zai bushe ya zama kwanso, ta bar ɗan ƙaramin hanci na iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Watanni take yi haka, an ma ga wadda ta wuce shekara uku a ɗakin bincike. Tsofaffi sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci da rani. Masana sun auna sun tarar haka ne: naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da shi.

Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan, kuma da gashin bakinta da fatar jikinta take ɗanɗanar abinci. Tarfon na teku shi ma yakan leƙo ya haɗiyi iska, abin da ke ba shi damar zama a ruwan da sauran kifaye ba sa iyawa.

Minjirya tana sakin wutar da kan kai bolt 350. Mutanen Masar ta dā sun zana ta a bangon kaburbura fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

Yauni wutarsa ba ta da zafi, gani yake yi da ita. A 1951 Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya gano cewa kifin yana kewaye kansa da wata wuta mai rauni, duk abin da ya shigo cikinta ya san da shi. Shi ya sa yake tafiya da baya cikin ruwa mai duhu ba ya karo da komai.

Ƙurungu kuka yake idan an fito da shi, da ƙayar gefensa yake yin ƙarar, kuma yana iya kulle ƙayar ta tsaya cak ta yadda mai haɗiye shi zai sha wuya. Akwai nau'insa da ke iyo a rigingine, cikinsa baƙi bayansa fari.

Giwan ruwa kan kai tsawon mita 2. Wanda IGFA ta rubuta a matsayin mafi girma da aka kama da fatsa kilo 104 ne, a tafkin Nasir na Masar, a shekarar 2000. A bikin Argungu na 2005 an fito da kifi mai kilo 75 da koma da gora kawai. Da aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya cikin shekarun 1950 da 1960, sai ya cinye ƙananan kifayen wurin har nau'i kusan 200 suka ɓace. Zuba sabon iri a tafki alheri ne, amma aiki ne da ke son a san abin da ake zubawa.

Karfasa ita ce ta fi taɓa min zuciya. Namiji ya share gurbi a ƙasan ruwa, mace ta yi ƙwai, sannan ta kwashe su duka a bakinta ta riƙe kusan mako biyu, ba ci. Ko bayan sun ƙyanƙyashe, in suka ji tsoro bakin uwar suke komawa. Wanda ya kama ta a wannan hali ya kashe ɗaruruwa a tashi ɗaya. Wanda ya ja gidan sauro a bakin gaɓa kuwa ya kwashe kifin baɗi tun bai kai girman yatsa ba. Haka magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a ruwa: ba ta zaɓen babba da ƙarami. Dokar kamun kifi ta Nijar ta 1998 ta hana guba da nakiya, amma jami'in gandun daji ba zai kwana a bakin tafki ba. Sarkin ruwa da dattawan masunta su suka san wa ya fita da dare da kuma irin idon kallinsa, don haka tsaron tafki da ba a sa su gaba ba ba zai je ko'ina ba.

Sana'ar ta girmi kowace masarauta. A Gobero, cikin hamadar Tenere, inda Paul Sereno da abokan aikinsa suka ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 2000, an tono masun ƙashi da ƙasusuwan giwan ruwa na mutanen da suka zauna bakin wani tafki kimanin shekara 9,000 baya. Yau wurin yashi ne iya ganinka. A Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya tarar da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ƙugiyoyi mafiya tsufa da aka samu a duniya kuwa na kwanson dodon koɗi ne, daga wani kogo a tsibirin Okinawa na Japan, shekara kimanin 23,000.

Labarin Gobero ba na nesa ba ne ga Madarunfa. Ruwan damina yana sauko da yashi daga gonakin da aka sare itatuwansu, yana cike ƙasan tafkin kaɗan-kaɗan, tafki marar zurfi kuma rana ta fi saurin shanye shi. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, yawan ruwan da gulbi zai kawo bai rataya ga sama kaɗai ba, ya rataya har ga lokacin da aka buɗe ƙofofi a can. A watan Yuli na 1990 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gulbin Maraɗi yana cikin guda huɗun da aka ambata da suna. A kasuwannin Maraɗi kuwa, kifin teku daskararre da ke zuwa cikin kwali, wanda ya yi shekaru yana shigowa ta tashar Kwatano, yana nan jere kusa da bandar da aka ƙyafe a bakin tafki.