Kofuna Biyu Na 1998: Abin Da Bauchi Za Ta Koya Daga Ƙwallon Jamus

A shekarar 1998 ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu da ba a sa musu rai ba suka ba da mamaki. A Nijeriya, Wikki Tourists ta Bauchi, wadda aka kafa a 1991, ta doke Plateau United a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ɗauki Kofin Ƙalubale. A Jamus kuwa, Kaiserslautern ta lashe gasar Bundesliga ta kakar 1997/98 da maki 68, ta bar Bayern Munich da 66, alhali a kakar ce ta dawo daga rukuni na biyu. Ga ɗan kasuwa, abin dubawa shi ne inda kuɗin kowacce ke fitowa.

Wikki, mai ɗauke da sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, mallakar gwamnatin Jihar Bauchi ce. Albashin 'yan wasa, kuɗin mota da na masauki duk sun rataya ne a wuyan baitulmali. Baitulmalin nan kuwa shi ne ake jira ya kula da injinan madatsar ruwa ta Gubi, wadda birnin Bauchi ke sha daga gare ta, ya kuma biya malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Duk nairar da ta tafi filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata buƙatar aka jinkirta dominta. Saboda haka idan kason jiha daga asusun tarayya ya ragu, ƙungiyar ƙwallo na cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu.

A Jamus ƙungiya ta membobinta ce, masu biyan kuɗin rajista duk shekara. Kuɗin shiga na zuwa daga sayar da tikiti, haƙƙin nuna wasa a talabijin, tallan kamfanoni a jikin riga, da cinikin 'yan wasa. A watan Oktoba na 1998 hukumar ƙwallon ƙasar ta yarda ƙungiyoyi su mai da sashen ƙwararrunsu kamfani, su sayar da hannun jari, bisa sharaɗin cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun membobi. Wannan ce dokar da ake kira 50+1. An keɓe Bayer Leverkusen da Wolfsburg daga dokar, saboda daɗewar da kamfanonin Bayer da Volkswagen suka yi suna ɗaukar nauyinsu.

Akwai kuma batun lasisi. Kafin kowace kaka, tilas ƙungiya ta gabatar da littattafan lissafinta, ta tabbatar tana da abin da za ta kai ƙarshen kakar da shi. A 1995 an hana Dynamo Dresden lasisi saboda bashi, ta gangara rukuni na uku.

Sai dai kofi ba ya biyan bashi. Kaiserslautern ta tsunduma cikin sayen 'yan wasa masu tsada da faɗaɗa filinta domin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2006. A 2003 ta sayar da filin don ta tsira, a 2020 kuma ta kai kanta kotu a kan ta kasa biyan masu binta. Ita ma Wikki ta ga hawa da sauka: ta zo ta uku a 2016 a ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba, ta shiga gasar Afirka a 2017, sannan ta faɗa rukuni na biyu a 2023.

Darasin a nan biyu ne. Ƙungiyar da ke da hanyar kuɗi guda ɗaya tak, rayuwarta na hannun mai riƙe da hanyar. Wadda ke kashe abin da ba ta samu ba kuwa, ko hanyoyinta nawa ne, za ta durƙushe. Idan ana son attajiran Bauchi su zuba jari a Wikki, abin da za su fara nema shi ne lissafin da aka bincika aka buga, da kujera a hukumar gudanarwa, da tabbacin cewa canjin gwamnati ba zai rushe yarjejeniyarsu ba.