Motsa Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Daga Nesa da Mas'alar Taklifi

A shekarar 2015 Polina Anikeeva da abokan aikinta na cibiyar MIT da ke Amurka suka wallafa a mujallar Science yadda suka motsa jijiyoyi a can cikin ƙwaƙwalwar ɓera ba tare da dasa waya ba. Makaminsu ɓurɓushin tsatsar ƙarfe ne mai amsa maganaɗisu, wanda faɗin kowace ƙwayarsa bai fi nanomita 22 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Da fari akan sauya halittar jijiyoyin da ake nufi har su samar da TRPV1, furotin ɗin da ke sa harshe jin zafin barkono. Sannan a yi allurar ɓurɓushin a wurin. Da zarar an kunna maganaɗisu mai saurin jujjuyawa daga waje, sai ɓurɓushin ya ɗumama, furotin ya buɗe, jijiya ta aika saƙo. A 2022 masana a Jami'ar Rice sun sa ƙudaje buɗe fikafikansu ta wannan hanya cikin kusan rabin daƙiƙa. A 2024 kuma ayarin Jinwoo Cheon a Koriya ta Kudu ya ƙara wa ɓeraye sha'awar abinci, ya rage ta, ya kuma tayar musu da kulawa da jarirai.

Waɗannan duka a kan dabbobi aka yi su, bayan sauya halitta da allura cikin ƙwaƙwalwa, dabbar kuma tana dab da na'urar. Don haka jita-jitar cewa ana juya mutane ta rigakafi ko turakun waya ba ta da madogara a nan.

Gwajin Koriya shi ya fi cancantar nazarin malaman usulu. Hankali da zaɓi su ne tushen taklifi, kuma Imam Gazali ya lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar a Almustasfa. Amma babin ikrahi an gina shi ne a kan mutumin da ya san ana tilasta masa, zuciyarsa tana ƙi. A nan ita sha'awar aka taɓa, ta yadda mai aikin zai ji kamar daga ransa ta fito. Shin da mukrahi za a riskar da shi, ko da wanda aka shayar da abin maye bai sani ba? Ƙiyasi na biyu ya fi kusa, domin a can ma wani ne ya shiga tsakanin mutum da hankalinsa, kuma a kansa alhakin yake komawa.