Cikin mola: an wanke, amma da sauran aiki

Saƙon murya ne na wata mata, ya zaga wayoyin matan Yalwan Damai a WhatsApp, ya shiga guruf ɗin 'yan Islamiyya da na 'yan adashi, har ya kai hannun maza. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi garinsu ba. Ta dai buɗe da sallama da salati, ta ce nasiha za ta yi wa 'yan'uwanta mata saboda Allah. Maganarta a kan cikin nan ne da mace ke ɗauka da laulayinsa da komai, ya yi ta girma, sai a je hoto a asibiti a ce babu ɗa, a wanke. Likitoci na kiransa cikin mola.

A cewarta aljanu ne suka shanye ɗan, ko kuma hannun kishiya ne, ko kwantaccen ciki ne likitoci suka yi gaggawar zubarwa. Ta ce wadda aka wanke wa ta gama haihuwa, don mahaifar ake cirewa ba a faɗa mata. Sai kuma abin da ta fi nanatawa, cewa duk wadda aka wanke wa kada ta sake komawa ana ɗibar mata jini, kada ta karɓi maganin tazarar haihuwa, ta yi maza ta ɗauki wani ciki, shi ne zai gyara mahaifar. Wace mahaifar, bayan kin ce an cire? Bakinta ma bai tsaya wuri ɗaya ba, amma an yi ta turawa da "Allah ya saka da alheri".

Ba na ganin laifin waɗanda suka gaskata. Mace ta ga cikinta ya fito, ta sha amai har ta fita hayyacinta, gwajin fitsari ya nuna ciki, uwarta ta fara tanadin kayan jego, sannan a ce mata babu kowa a ciki. Dole ta nemi inda ɗan ya tafi, kuma amsar da aka fara miƙa mata ita za ta riƙe. Amsar gaskiya ita ce tun ranar da cikin ya shiga abin ya samu tangarɗa. Ɗan Adam na ɗaukar ƙwayoyin gado 46, waɗanda ake kira kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Mola iri biyu ce. A cikakkiyar mola ƙwan mace ne ya zo babu nasa kason, sai na namiji ya ninka kansa, duka 46 suka zama na uba. Da irin wannan haɗi ba a samun ɗa, mabiyiya ce kaɗai ke tsirowa, ta yi ta kumbura tana zama ƙananan ƙullutai masu ruwa a cure kamar nonon inabi. A ɗaya nau'in, maniyyi biyu ne suka shiga ƙwai ɗaya, lissafin ya zama 69. A nan ana iya ganin ɗan tayi, amma ba mai rayuwa ba ne. Ke nan ba a sace kowa ba. A Turai da Amurka ana samun wannan a kusan ciki 1 cikin 1,000, ga matan da ba su taɓa jin sunan kishiya ba. Ya fi samun yarinya ƙarama da ta yi ciki da wuri, da macen da ta haura 40. Wasu bincike sun alaƙanta shi da ƙarancin wasu sinadarai a abinci, sai dai hujjar ba ta yi ƙarfin da za a ɗora wa wata mace laifi ba.

Kwantaccen ciki tsohuwar magana ce, har malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna ta, kuma ba ita na zo warwarewa ba. Amma abin da hoto ya nuna babu kai babu zuciya, sai ƙullutan ruwa, ba zai farka ya zama mutum ba, ko shekara nawa aka jira. Jiran ne ke jawo zubar jini mai kai mace ga ƙarin jini, da hawan jini tun cikin bai yi nisa ba. Batun cire mahaifa kuwa, ba shi ne aikin ba. Da bututu ake zuƙe abin ta gaba, ba a tsaga ciki. Akan cire mahaifa ne idan jini ya ƙi tsayawa, ko ga wadda ta manyanta ta gama haihuwa kuma ta amince. Mafi yawan matan na sake haihuwa lafiya lau, kuma yiwuwar molar ta maimaitu kusan 1 ne cikin 100.

Sai babbar maganar, ta hana komawa awon jini da gaggawar ɗaukar wani ciki, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Ita ce mai kisa, kuma ta fi sauran shiga kunne domin a kan abubuwan gaskiya aka gina ta. Gaskiya ne ana cewa mace ta riƙa dawowa ana ɗibar jininta. Gaskiya ne ana hana ta ɗaukar ciki na wani lokaci. Gaskiya ne kuma mafi yawan matan da aka wanke wa, ko sun koma ko ba su koma ba, lafiya za su zauna. Wannan na ƙarshen shi ke ba mai saƙon ƙarfin gwiwa, domin kowace unguwa akwai wadda za a nuna a ce ga ta nan, ba ta koma ba, ga goyonta.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne, wanki ba ya iya tabbatar da cewa komai ya fita. Naman mabiyiya an halicce shi ne da kutsawa cikin bangon mahaifa, aikinsa ke nan a kowane ciki. A mola, ɗan abin da ya maƙale yakan mutu da kansa a mafi yawan lokuta. Amma a cikakkiyar mola, kusan mata 15 cikin 100 nasu ba ya mutuwa, ci gaba yake yi da girma. A ɗaya nau'in abin bai kai haka ba, kusan 1 ne cikin 100. Wani ya tsaya a mahaifa yana cin bangonta, wani ya rikiɗe ya zama cutar daji mai bin jini, wadda ta fi saurin sauka a huhu, takan kuma kai hanta ko ƙwaƙwalwa. Babu likitan da zai dubi fuskar mace ranar da aka sallame ta ya ce ke kina cikin 85, ke kuma kina cikin 15. Ita ma ba za ta ji a jikinta ba. Amai ya tsaya, cin abinci ya dawo, ta koma daka da surfe, alhali abu na can yana tsiro.

Hanyar ganewa ɗaya ce. Naman mabiyiya na fitar da wani sinadari mai suna hCG, shi ne wanda tsinken gwajin ciki na kemis ke kamawa a fitsari. Muddin akwai sauran naman da rai, sinadarin na nan a jini. Shi ya sa ake auna shi duk mako ko duk mako biyu, a rubuta lambar. Idan tana sauka har ta kai ta mai lafiya, madalla, sai a koma awon wata-wata na ɗan lokaci, wanda a cikakkiyar mola yakan kai wata shida. Idan lambar ta tsaya cik makonni a jere, ko ta juya tana hawa, an kama cutar tun ba ta nuna kanta ba. Tsinken kemis ba ya maye gurbin wannan, don shi layi kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko lamba na hawa ko sauka. Amfaninsa ɗaya: idan an yi makonni da wanki yana ta nuna layi biyu, kada a yi murnar sabon ciki tukuna, a tafi asibiti.

Daga nan dalilin hana ɗaukar ciki ya fito fili. Sabon ciki ma wannan sinadarin yake fitarwa. Idan mace ta yi ciki a tsakiyar awon, lamba ta tashi, ba wanda zai iya rabe ko ɗa ne ko cuta ce ta dawo, sai a yi ta jira, cutar kuwa ba ta jira. Kuma idan ta tabbata cutar ce, maganinta na illa ga ɗan tayi. Wadda aka yi wa maganin dajin ana ce mata ta dakata shekara guda bayan ta gama. Ba a ce kada ta haihu ba har abada. Ƙwayoyi, allura, na ashana da ake sawa a dantse, ko kwaroron roba, duk suna yi. Wanda ake sawa a cikin mahaifa ne ake jinkirtawa sai lamba ta sauka. Da'awar cewa sabon ciki na gyara mahaifa ba ta da tushe ko kaɗan. Rufe idon likita kawai yake yi.

Abin da ya fi ba ni takaici da saƙon nan, wannan dajin na cikin waɗanda aka fi iya warkarwa a duniya. A 1956, a cibiyar binciken cutar daji ta ƙasar Amurka, likitoci biyu, Min Chiu Li da Roy Hertz, suka warkar da wata mata da cutar ta riga ta kai huhunta, da magani mai suna methotrexate. Kafin nan kusan duk wadda ta kai wannan mataki mutuwa take yi. Li ya dage cewa ko ƙarin ya ɓace daga hoto, ba za a daina magani ba sai lambar hCG ta koma daidai. Shugabanninsa suka ga yana wahalar da marasa lafiya a banza, suka sallame shi daga aiki. Daga baya aka ga waɗanda aka tsayar wa magani da wuri cutar na dawo musu, nasa kuwa sun warke, har aka karrama shi da lambar yabo ta Lasker a 1972. A Ingila tun 1973 ake yi wa duk mai cikin mola rajista a bi jininta, asibitin Charing Cross da ke Landan na cikin masu wannan aiki, kuma a can kusan duk wadda aka kama da wuri tana warkewa. Maganin dai shi ne har yau ga mafi yawansu: allura rana ɗaya a tsallake rana, da ƙwayar da ke rage zafinsa a tsakani, a huta a sake. Ba ya cika zubar da gashi, ba ya hana haihuwa. Wadda ta zo a makare ita ke buƙatar haɗin magunguna masu nauyi da tsada, da doguwar jinya.

Na san komawar ba sauƙi gare ta ba. Kuɗin mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kuɗin gwaji, yinin da za a ɓata a layi, ga damina maigida na gona. In abin ya kai ga maganin daji, wataƙila a tura mutum har Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na ga wata yarinya da aka wanke wa, takardar gwajinta a ninke cikin ledar da take ajiye katin awo, lambobi biyu ne kawai a jiki, layukan ƙasa duk fayau. Tana neman izinin komawa, uwar mijinta na tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Ke 'yar nan, ai an wanke. Jinin naki nawa ne da kullum sai an ɗiba? Ki zauna Allah ya kawo rabo." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna." Innar ba muguwa ba ce, jika take so, kuma tana ganin tausayin yarinyar take yi. Ga gorin dangi, ga kishiya na goyo, wata shida ba ciki a irin wannan gida ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa nake ganin bayanin likita bai kamata ya tsaya a kunnen matar kaɗai ba. Maigida ya shiga ɗakin likita da kansa ya ji, in da hali a tafi da Innar. Shi ke ba da izini, shi ke ba da kuɗin mota, kuma maganar tazara ba ta yiwuwa sai da shi.

Akwai kuma abin da kowa ke tsallakewa. Da yake an ce babu ɗa, sai a ɗauka babu rashi, ba mai zuwa jaje. Ita kuwa ciki ta ɗauka, ta yi masa buri, ta rasa, aka kuma ɗora mata fargabar daji a kai. A yi mata sannu kamar yadda ake yi wa mai ɓari. Addu'a da ruƙiyya da sadaka duk a yi, ba wanda ya hana, ba su kuma hana zuwa awon jini ba.

Waɗanda suka riga suka daina komawa, ƙofa ba ta rufe ba, a ɗauki takardar a koma ko an yi watanni. Wadda kuma ta taɓa cikin mola, ko da bara ne ko bara waccan, idan jini ya ƙi ɗauke mata, ko tari ya kama ta har da jini, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ciwon kai mai tsanani ya sa ta gaba, ta faɗa wa likita da bakinta cewa an taɓa wanke mata mola. Tarin jini a wurinmu tarin fuka ake fara zato, ana iya shafe watanni ana shan maganinsa idan ba a ji wannan tarihin ba. Haka in ta samu sabon ciki bayan an sallame ta, ta faɗa tun ranar awon farko, domin a yi mata hoto da wuri a ga ɗan da ido.