Kula da haƙora ga wanda za a yi wa gashin daji a kai ko wuya

Jama'a, wani lokaci asibitin sansani kan tura mai ciwon daji na baki, maƙogwaro ko wuya zuwa Yamai, inda aka fara gashin daji da na'ura a 2021. Iyali kan damu da kuɗin mota da wurin kwana, ba mai tuna haƙora. To, ga dalilin da ya sa ya kamata a tuna.

Hasken na'urar yana kashe ƙwayoyin cutar, amma yana taɓa wuraren da ke samar da miyau. Miyau ne ke wanke baki, yana kare haƙora daga tsamin da ke cin su. Idan ya ƙafe, haƙoran da ba su taɓa ciwo ba sai su fara ruɓewa cikin watanni, yawanci daga gindi, kusa da dasashi. Wasu bushewar ba ta barinsu har bayan an gama gashin.

Abu mafi muhimmanci: a ga likitan haƙori kafin a fara. Haƙorin da ya lalace a cire shi da wuri, kamar mako 2 kafin ranar farko, don wurin ya warke. Bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya samun jini kamar da. Idan aka cire haƙori a lokacin, raunin na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu. Don haka ko bayan shekaru, kada wanzami ko mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa bakin nan. A nuna wa likita takardar gashin tukuna.

Kullum a goge baki safe da dare da buroshi mai laushi da man da ke ɗauke da fuloraid. A tofar, kada a kurkure nan take. Bayan cin abinci a kurkure da ruwa mai tsabta, cokalin shayi 1 na gishiri a lita 1. A riƙe gorar ruwa ana kurɓa.

Na san shayi mai sukari shi ne ɗan jin daɗinmu a nan, amma busasshen baki ba ya jure shi, haka alewa da lemon kwalba. Taba kuwa, ta sha da ta gari, a bar ta.

Wanda ba shi da buroshi ko man goge baki ya gaya wa ma'aikatan asibitin sansani kafin ranar tafiya.